Ina Jiragen Bom Na Yaƙin Duniya Suka Shiga?

A filinmu na tarihi na wannan mako za mu yi magana a kan manyan jiragen sama masu jefa bom, waɗanda aka yi yaƙin duniya na biyu da su daga shekara ta 1939 zuwa ta 1945. In ana labarin waɗannan jirage, galibi abin da suka yi a sama ake faɗi: garin da suka ƙone, da jirgin da aka harbo, da wanda ya tsira. Mu yau ƙasa za mu duba. Hausawa sun ce komi nisan jifa ƙasa zai faɗo. Jirgi yakan yi awa takwas ko goma a sama, sa'an nan ya sauko ya kwana a hannun masu gyara da masu lodi da masu gadi. A ƙasa ake ba shi mai, a ƙasa ake ɗora masa bom, kuma kusan dukan jiragen da suka ga ƙarshen yaƙin a ƙasa suka halaka, wasu ta haɗari, mafi yawa da gangan. To, me ya ci su?

Yawansu

Ku fara riƙe waɗannan lambobi, don sai da su za ku gane girman abin. Amurka ita kaɗai ta ƙera jiragen sama wajen 300,000 cikin yaƙin. A cikinsu akwai manyan masu jefa bom, masu inji huɗu huɗu. Irin da ake kira B-17 an ƙera 12,731. Irin B-24 ya haura 18,000. Irin B-29, wanda ya jefa bom na atom a Hiroshima da Nagasaki, an ƙera 3,970. Ingila da Kanada kuwa sun ƙera nasu mai suna Lancaster har 7,377. Faɗin B-17 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya fi mita 31, kuma mutum goma ne ke aiki cikinsa. A shekara ta 1944, masana'antar kamfanin Ford da ke Willow Run, kusa da birnin Detroit, kusan kowace awa ɗaya sai ta fitar da sabon B-24.

Ƙasar Hausa ma ta ga wucewar jiragen yaƙin nan. Tun 1940 Ingilishi ke kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana. Can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Daga baya jiragen Amurka ma suka riƙa ƙetaro teku daga Birazil suna yada zango a Kano. Nijar a lokacin tana hannun gomnatin Faransa ta Vichy har ƙarshen 1942, don haka hanyar ta bi ta kudu da iyakarmu.

Haɗarin da ke ƙasa

Tun kafin yaƙi B-17 ya fara koya wa mutane cewa kuskuren ƙasa kisa yake yi. Ranar 30 ga Oktoba 1935, a filin Wright da ke jihar Ohayo, sojan Amurka na gwada jirgin farko na wannan iri, wanda kamfanin Boeing ya ƙera. Babban jirgi in yana tsaye akan kulle sassan wutsiyarsa masu motsi, don kada iska ta riƙa buga su. Ran nan sai aka manta ba a buɗe makullin ba. Jirgi ya tashi, ya ɗaga hanci sama, matuƙi ya rasa yadda zai mayar da shi, ya faɗo ya kama wuta. Mutum biyu suka mutu, Manjo Ployer Hill da Leslie Tower, kuma dukansu gwanayen tuƙi ne. Bincike bai sami aibu ga jirgin ba. Abin da aka gane shi ne ayyukan da ake yi kafin tashi sun yi wa ƙwaƙwalwar mutum ɗaya yawa. Daga nan matuƙa suka tsara takarda mai jerin abubuwan dubawa. Ɗaya ya karanta, ɗaya ya duba ya amsa, layi bayan layi. Har yau ba jirgin fasinja da ke tashi sai an bi irin wannan takarda.

Da yaƙi ya zo, sai haɗarin ya ƙaru, don yanzu ga mai ga bom ga gaggawa a wuri ɗaya. Masu lodi sukan yi aiki da dare, cikin sanyi da ruwan sama, da ƴar fitila kaɗan don tsoron jiragen Jamus. Ranar 27 ga Mayu 1943, da yamma, a filin Alconbury na Ingila, sojan Amurka na ɗora wa wani B-17 bama-bamai. Kowane bom nauyinsa kilo 227, wato ya fi buhu biyu na hatsi. Ɗaya ya tashi, ya tayar da sauran. Aƙalla mutum 18 suka mutu, 21 suka ji rauni. Jirage huɗu suka halaka, 11 suka lalace. Ba wani abokin gaba da ya zo kusa da wurin.

Wanda ya fi wannan muni ya faru a Fauld, a tsakiyar Ingila, ranar 27 ga Nuwamba 1944. Sojan sama na Ingila sun mayar da wani tsohon ramin haƙar farar ƙasa rumbun ajiyar bom. Da hantsi rumbun ya fashe da tan 3,500 zuwa 4,000 na bama-bamai. Mutum wajen 70 suka mutu. Cikinsu akwai ma'aikata, da fursunonin yaƙi ƴan Italiya, da manoma, don wata gona da ke bisa ramin ta ɓace ƙurmus da mutanenta da dabbobinta. Wata madatsar ruwa ta ɓalle, laka ta rufe masana'antar da ke gangare. Sai a 1974 aka bayyana sakamakon bincike, wanda ya fi zargin cewa wani ma'aikaci ne ya yi ƙoƙarin cire kan bom da kurfi na tagulla, alhali da katako aka ce a yi. Ramin yana nan har yau.

Ku lura da abu ɗaya. Matuƙin da aka harbo a sama yana da lambar yabo, ana rubuta labarinsa. Mai lodi da makaniki da suka mutu a gindin jirgi ba safai ake tuna su ba, ga shi kuwa ba jirgin da zai motsa sai da hannunsu.

Da yaƙi ya ƙare

A watan Satumba 1945 yaƙi ya ƙare. Sojoji miliyoyi suka matsu su koma gida, har da masu gyaran jirage. Gomnatin Amurka ta wayi gari da dubban jirage ba mai tuƙi, ba mai gyara, ba aikin yi. Ajiye su kuɗi yake ci. Ga kuma sababbin jirage masu injin jet sun fara fitowa, waɗanda suka fi su gudu nesa. Masu masana'antun jirage su ma ba su son a zuba tsofaffi a kasuwa da araha, don sun tuna yadda gwanjon jiragen yaƙin farko ya kashe musu ciniki bayan 1918.

Wani zai ce, me ya hana a mayar da su na fasinja? Dalili shi ne jirgin bom an ƙera shi don ya ɗauki kaya mai nauyi maras girma a tsakiyar cikinsa. Jikinsa matsattse ne, ba wurin jera kujeru, kuma shan mansa ya yi yawa. Jirgin sufuri irin C-47, wanda muka sani da sunan Dakota, nan da nan ya sami masu saye a duniya duka. Na bom kuwa sai ƴan kaɗan.

Sai aka tara su a manyan filaye: Kingman a jihar Arizona, Walnut Ridge a Arkansas, Altus a Oklahoma, da wasu wurare. Matuƙa suka riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, a jera su fiffike na taɓa fiffike har iyakar ganin ido. Akwai waɗanda suka sha harbi a sararin Jamus suka dawo da faci a jiki. Akwai kuma sababbi fil, waɗanda daga masana'anta aka wuto da su nan, ba su taɓa ganin yaƙi ba.

B-17 sabo ya ci wa gomnati dala wajen 200,000. Ku lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A gwanjo aka sa masa kuɗi dala 13,750, amma masu saye ba su zo ba. Don haka aka koma sayarwa a dunƙule ga masu narka ƙarfe. A Kingman jirage wajen 5,500 aka sayar wa kamfanin Wunderlich a kan dala 2,780,000. In kun raba, za ku ga kowane jirgi bai wuce dala 500 da ɗan ɗori ba.

Ga yadda ake yi da su. A tsiyaye man da ya rage. A cire bindigogi da injuna da agogunan gaban matuƙi. Sa'an nan a ɗaga wata ƙatuwar wuƙar ƙarfe da injin ɗaga kaya, a sako ta a kan jirgin, ta datsa shi gunduwa-gunduwa. A zuba gutsattsarin cikin tanderu, alminiyom, wanda wasu ke kira sanholo, ya narke ya gangaro, a zuba shi a mazubi ya daskare. Wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeranmu masu zuba tukwane da tsohon sanholo ya san aikin, sai dai girman tanderun ya bambanta. Kafin ƙarshen 1948 filin Kingman ya koma wayam. Ƙarfen ya shiga kasuwa, aka yi kayan gini da kayan ɗaki da shi.

Wani matuƙi mai wasan jirgi a sinima, Paul Mantz, ya sayi jirage 475 a jihar Oklahoma a kan dala wajen 55,000. Man da ya tarar cikin tankunansu kaɗai ya mayar masa da kuɗinsa. Ya zaɓi ƴan kaɗan don aikin fim, sauran ya sayar wa masu narkawa. Akwai wani babban jirgin bom, B-32, da aka ƙera 118 a ƙarshen yaƙi. Ko ɗaya bai tsira ba.

Waɗanda suka sami wata sana'a

Jirgin da ya tsira daga tanderu shi ne wanda wani ya samo masa aiki. Ma'aikatar taswira ta Faransa, IGN, wadda za ku ga sunanta a gindin taswirorin Nijar da yawa, ta fara sayen B-17 a 1947, har ta tara fiye da goma a filin Creil, arewa da Paris. Aka kafa musu manyan na'urorin ɗaukar hoto masu kallon ƙasa. Jirgin yana tashi sama ƙwarai, yana daɗewa bai sauka ba, kuma ba ya rawa, abin da mai ɗaukar hoton ƙasa ke so ke nan. Sun yi wannan aiki a Faransa da Afirka da wasu sassan duniya shekara wajen arba'in.

Kamfanin jiragen Ingila, BOAC, ya gyara jiragen bom 12 irin Halifax, ya sa wa kowane kujeru goma, ya riƙa jigilar fasinja da su daga London zuwa Ankara ta ƙasar Gana a 1946. Ba su daɗe a wannan aiki ba. A Bolibiya, ta Amurka ta Kudu, B-17 ya zama motar mahauta, yana ɗauko nama daga makiyayan gangare zuwa birnin La Paz da ke bisa duwatsu, inda hanyar mota ke da wuya. A Amurka an sa wa wasu tankuna suna zuba ruwan magani a kan gobarar daji har cikin shekarun 1980. A yammacin Kanada manoma sun sayi tsofaffin jiragen soja da kuɗi kaɗan, suka ja su da tarakta zuwa gona. Ba tashi za su yi da su ba. Tayoyi suke so, da tankuna, da waya, da bututu, da kusoshi, don bayan yaƙi waɗannan kaya sun yi wuya a kasuwa.

Labarin Indiya ya cancanci a tsaya a kansa. Ingilishi sun yi yaƙi a Asiya da B-24 na aro daga Amurka. Sharaɗin aron shi ne bayan yaƙi ko a mayar, ko a biya, ko a lalata. Sai suka tara su a filin Chakeri, kusa da birnin Kanpur, suka farfasa su suka tafi. Da Indiya ta sami mulkin kai a 1947, tana bukatar manyan jirage, kuɗin saye kuwa babu. Ma'aikatan kamfanin jirage na Hindustan suka shiga wannan juji, suna cire na wannan suna sa wa wancan. Wanda ya ɗan haɗu sai a lallaɓa a tashi da shi zuwa Bangalore a yi masa gyara sosai. Ta haka suka tayar da jirage wajen 40, waɗanda suka yi aiki har 1968, galibi sintirin teku. Cikin ƴan B-24 da suka rage a duniya yau, da dama daga hannun Indiya suka fito.

Amma ba duka ne suka sami sana'ar lafiya ba. Makami in ya shiga gwanjo, mai sayarwa ba shi da iko da inda zai ƙare. A 1967, da yaƙin basasa ya tashi a Nijeriya, wani jirgin bom mai inji biyu, B-26 Invader, ƙirar Amurka ta zamanin yaƙin duniya, wanda sojan Faransa suka gama aiki da shi, ya bi ta hannun dillalai har ya sauka Inugu wurin ƴan Biyafara. Wani tsohon matuƙin yaƙi ɗan ƙasar Polan, Jan Zumbach, ya tuƙa shi. Jirgin ya kai hari filin jirgin Makurɗi da na Kano. Da sojan tarayya suka kama Inugu a watan Oktoba na shekarar, a ƙasa suka tarar da shi. Jirgin da aka ƙera don yaƙin Turai da Asiya, sai ga shi bayan shekara ashirin a kan maƙwabtanmu.

Ajiya a hamada

Akwai jiragen da Amurka ba ta yarda ta narka ba, musamman B-29, don tana ganin wata rana za ta neme su. A 1946 ta zaɓi filin Davis-Monthan, a gefen birnin Tucson na jihar Arizona, ya zama wurin ajiya. Dalilin zaɓen ba zai ba mutumin Agadas ko Tanut mamaki ba. Ruwan sama kaɗan ne, iska busasshiya ce, don haka ƙarfe ba ya saurin tsatsa. Ƙasar wurin kuma fako ce mai tauri, tana ɗaukar nauyin babban jirgi ba sai an zuba siminti ba. Akan toshe duk wata kafa, a feshe jirgin da wani abu kamar roba don ƙura da zafin rana. Da yaƙin Koriya ya tashi a 1950, sai aka ɓare wa B-29 da yawa wannan riga, suka koma aiki.

Ku gwada wannan da abin da ya sami wani shahararren B-17 mai suna Memphis Belle. Birnin Memphis ya karɓo shi daga Altus a 1946 a kan dala 350 don tunawa da yaƙi. Aka ajiye shi a fili shekara da shekaru. Ruwa ya shiga, tsuntsaye suka yi sheƙa, masu ɗauke-ɗauke suka kwashe kayan cikinsa. Sai da aka kai shi gidan tarihin sojan sama a Dayton a 2005, aka yi shekara 13 ana gyara, kafin a nuna shi ga jama'a a 2018. Son abu daban, iya adana shi daban.

Zaman lafiya bai kawar da haɗarin ƙasa ba

Bayan yaƙin duniya, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka shiga zaman doya da manja, kowa na ƙera jiragen da suka fi na da girma. Ranar 1 ga Satumba 1952, ranar hutu ce a Amurka, guguwa ta faɗa wa filin Carswell a jihar Tekzas. A nan aka jera B-36, jirgi mai faɗin mita 70. Iska ta riƙa juya su tana gwara su da juna. Ɗaya ya halaka, fiye da 80 suka lalace. Cikin ɗan lokaci kaɗan kusan kashi biyu cikin uku na manyan jiragen nan na Amurka suka kasa tashi, sai da aka yi watanni ana gyara. Kuskuren shi ne tara su da aka yi wuri ɗaya.

A nahiyarmu ma an taɓa tsallake rijiya da baya. Ranar 31 ga Janairu 1958, a sansanin Amurka na Sidi Slimane a ƙasar Maroko, wani jirgi B-47 ɗauke da bom na nukiliya yana gudu a kan titin tashi don atisaye. Ƙafarsa ɗaya ta karye, wutsiya ta daki ƙasa, tankin mai ya fashe, wuta ta kama. Masu kashe gobara suka yi ƙoƙari na minti goma, sa'an nan aka janye kowa daga wurin. Wuta ta yi awa bakwai tana ci. Bom ɗin bai tashi ba, narkewa ya yi, amma ya gurɓata wurin, har sai da aka kwashe tarkacen da kwaltar da ke ƙarƙashinsa.

Wuƙar datsa jirgi kuwa ta sake dawowa. A 1991 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a yarjejeniyar rage makamai da ake kira START. Saboda ita aka datse B-52 har 365 a Davis-Monthan, da wuƙa mai nauyin kusan tan 6. Akan bar gutsattsarin a fili kwana 90, don taurarin ɗan adam na Rasha su ɗauki hoto daga sama su tabbata an cika alkawari. Wannan karon halakar jirgi ita ce shaidar amana tsakanin ƙasashe biyu.

Wasu B-52 an bar su cikin ajiya, kuma haɗarin ƙasa ne ya tayar da ɗaya daga cikinsu. A Janairu 2014, a filin Barksdale na jihar Luwiziyana, ana gyaran wani B-52 sai iskar oksijin da ke yoyo ta gamu da tartsatsi, ɗakin matuƙi ya ƙone. Ba wanda ya ji rauni, amma jirgin ya tashi daga aiki. Sai aka je hamada aka ɗauko wani da ke ajiye tun 2008, aka gyara shi, ya tashi a Fabrairu 2015 ya maye gurbinsa.

Jirgin da ya jira shekara 48

Bari mu kawo labari ɗaya wanda ya haɗa duk abin da muka faɗa. A watan Fabrairu 1947 wani B-29 mai laƙabi Kee Bird ya tashi daga Alaska don aikin asiri a can ƙuryar arewacin duniya. Ya ɓata hanya, mai ya ƙare, matuƙi ya saukar da shi a kan wani tafki da ya daskare a arewa maso yammacin tsibirin Girinlan. Bayan kwana uku aka ceto mutanensa su 11, aka bar jirgin. Sanyin wurin ya yi masa abin da fari ke yi a Arizona, wato ya hana shi ruɓewa.

A 1994 wani gwanin matuƙi, Darryl Greenamyer, ya tara abokan aiki don su gyara jirgin a inda yake, su tashi da shi. Suka kai injuna huɗu da farfela da tayoyi, suka yi makonni suna aiki cikin sanyi da laka. Babban makanikinsu ya kamu da ciwo, aka fitar da shi, ya rasu. Hunturu ya kore su. A watan Mayu 1995 suka komo, suka share hanya a kan ƙanƙara. Ranar 21 ga wata injuna huɗu duka suka tashi, jirgi ya fara tafiya a ƙasa. Amma a can bayan jirgin akwai wani ƙaramin inji mai ba da lantarki, wanda aka rataya wa tankin mai na wucin gadi. Da jirgi ya shiga gargada, mai ya zube a kan injin mai zafi, wuta ta kama. Mutanen suka yi tsalle suka fita, suka tsaya suna kallo har jirgin ya ƙone. Ya jure shekara 48 a cikin ƙanƙara, ɗan tankin mai ya gama da shi cikin mintoci.

Irin wannan ya sami ɗaya daga cikin B-17 na IGN. A Yuli 1989, ana ɗaukar wani fim na yaƙi da shi a filin Binbrook na Ingila, ya kauce daga titi wajen tashi, ya ƙone ƙurmus. Mutum goma da ke ciki suka tsira da ransu.

Abin da ya rage

Cikin B-17 12,731, waɗanda suka rage cikakku ba su kai 50 ba, masu iya tashi kuwa ba su kai goma ba. B-24 da ya fi kowane yawa, ragowarsa ba ta kai 20 ba. B-29 biyu ne ke tashi, kuma dukansu daga wani filin gwajin makamai na hamadar Kalifoniya aka tsamo su. Lancaster ma biyu ne ke tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada.

Ƴan uwa, in kun bi labarin nan da kyau za ku ga abu uku ne suka yanke wa kowane jirgi hukunci bayan ya sauka. Na farko hannun da ke kula da shi: makulli ɗaya da aka manta, ko kurfi da aka sa inda ya kamata a sa katako, ko tankin da aka rataya da gaggawa. Na biyu wurin da aka ajiye shi, ko fako mai fari ko fili mai ruwa. Na uku ko akwai wanda ke da aikin da zai ba shi, da kuma irin aikin. Jirgi iri ɗaya ya auna ƙasa don taswira, ya kai nama kasuwa, ya kashe gobara. Ɗan uwansa kuma ya bi dillalai ya koma jefa bom a wata nahiya. Dukiyar da aka zuba cikin waɗannan jirage gumin talakawa ce, na masu biyan haraji da mata da mazan da suka kwana a masana'antu. Abin da aka saya dala 200,000 ya koma dala 500 cikin shekara biyu ko uku. Wannan ma yana cikin kuɗin yaƙi, ko da yake ba a cika lissafa shi ba.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a tsakaninku kafin mu sake haɗuwa. Me ya sa jirgin Dakota ya sami masu saye bayan yaƙi, B-17 bai samu ba? Wace dabara ce ta fito daga haɗarin 1935, kuma a wane aiki naku za ta yi amfani? In yaƙi ya ƙare, wa ya kamata ya ɗauki alhakin makaman da suka rage, wanda ya ƙera, ko wanda ya sayar, ko wanda ya saya?